Shekara Biyun da Hadizatu Ta Yi Shiru

Hadizatu mace ce mai magana. A Hillat Audi, ƙauyen Hausawan da ke bakin tur'a, babbar magudanar ruwan noma, kudu da Hajj Abdalla, in ka ji murya na tashi daga bayan danga tun da hantsi, ana yi wa awaki faɗa, ana gai da mai wucewa har da tambayar lafiyar surukansa, ana ba kaji labarin abin da ya faru a gidan suna, to ba sai ka leƙa ba. Ita ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta shida sun watse, wasu Hartum, wasu Saudiyya. Autanta Bilyaminu ne ya zauna da ita yana noma hawasha, gonar ban-ruwan da ubansa ya bari, alkama lokacin sanyi, dawa da gyaɗa lokacin damina. Matarsa Huda ita ma Bahaushiya ce, amma a Madani ta tashi, Larabci ya fi kwanta mata a baki.

'Yarsu ta fari, Rayan, tun tana goye aka ga ba kamar sauran yara take ba. In an kira sunanta ba ta waiwaye. In an miƙa mata hannu ba ta miƙo nata. Tana iya zama rabin yini a gaban tulu tana kallon ruwan da ke ɗiga daga gindinsa, in kuwa aka ɗauke ta sai ta sandare ta tsala ihun da ake ji har masallaci. Ƙwallayen dabino take tarawa ta jera a bakin tabarma, layi ɗaya, wanda ya taɓa ko guda ya ja wa gidan tashin hankali.

Amma wurin kakarta tana zuwa. Ba ta kallon fuskarta, ba ta yi mata dariya. Sai dai in Hadizatu ta zauna a rumfa tana ɓarar gyaɗa tana zuba surutunta, yarinyar za ta taho da baya-baya ta zauna a cinyarta, ta ɗaga hannu ta ɗora tafinta a maƙogwaron tsohuwar, daidai inda murya ke kaɗawa. Haka za ta bar shi muddin ana magana. In Hadizatu ta tsaya ta haɗiyi yawu, sai ta ɗan danna, wato a ci gaba.

"Kin mai da ni rediyo, ƙawata," in ji Hadizatu. "To saurara in ba ki labarin akuyar Ma'u da ta shiga kuɓewar liman."

A wannan cinyar Rayan ta faɗi kalmomi ukun da aka taɓa ji a bakinta. "Uwa" in tana son ruwa. "Tahi" in tana so a rabu da ita. Sai "Kaka", sau biyu ko uku, ba tare da ta kalli kowa ba.

Da ta cika shekara uku babu ƙarin kalma, maganganu suka yi yawa a ƙauye. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce Huda ta ratsa bakin tur'a da magariba tana da ciki. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Huda ta daina zuwa gidan biki saboda kallon da ake bin ta da shi. Daga ƙarshe Bilyaminu ya ɗauki matarsa da 'yarsa suka shiga mota zuwa Madani, wurin wani likita da aka ce ya san ciwon yara.

Bayan la'asar suka dawo. Huda ta shige ɗaki da yarinyar, idanunta jajur. Bilyaminu ya tsuguna a bakin rumfa, ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Inna, likita ya ce sunan abin tawahhud. Ba aljanu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Haka aka halicci ƙwaƙwalwarta."

"To alhamdu lillahi da anka san sunansa. Mi ne maganin?"

"Ba shi da magani na sha. Sai horo da haƙuri." Ya dubi ƙasa. "Ya tambaye mu harshe nawa ake yi a gidan. Muka ce biyu. Ya ce shi ne ke rikita ta. Wai yaro irinta harshe ɗaya kansa ke iya ɗauka. Ya ce mu zaɓi ɗaya mu tsaya a kai, kuma tunda makaranta da Larabci ake yi..."

Bai ƙarasa ba. Hadizatu ta ajiye ƙwaryar gyaɗar.

"To ni fa, Auta?"

"Ai kina jin Larabci, Inna."

Tana ji. Shekara hamsin tana ciniki da shi a kasuwar Hajj Abdalla, tana gaisawa da maƙwabta, tana amsa wa ma'aikatan ban-ruwa. Amma Larabcin saye da sayarwa ne. Ba ta san yadda ake lallashi da shi ba, ko yadda ake tsokanar jika, ko yadda ake jan labari har ya yi daɗi. Duk da haka ta ce to. Likita ne ya faɗa, kuma wa zai so a ce bakinsa ne ya hana jikarsa magana?

Ta gwada. Washegari Rayan ta zo ta zauna, ta ɗora hannu a maƙogwaronta. Hadizatu ta kama labarin akuya da Larabci. Jimla biyu ta yi ta tsaya tana laluben kalma. Ta sake kamawa, ta sake tsayawa. Muryar da ta saba gangarowa kamar ruwan tur'a ta koma tana fita gutsi-gutsi. Yarinyar ta danna, ta ƙara dannawa da ƙarfi, sannan ta sauka ta koma gaban tulu. Kwana goma tana zuwa tana gwadawa. A na sha ɗaya ta wuce rumfar ba ta tsaya ba.

Aka sauya komai a gidan. Kaka ta zama Habboba. Ruwa ya zama moya. Ko tsakanin Hadizatu da ɗanta, in yarinyar na kusa, sai Larabci, kuma yarinyar kullum tana kusa. Da tsohuwar ta ga tana yawan kuskure, Hausa na kuɓuce mata ba ta sani ba, sai ta ga sauƙin abin shi ne ta rage maganar gaba ɗaya. Awaki suka daina shan faɗa. Masu wucewa suka riƙa leƙowa ta kan danga suna tambaya ko Hajja ba ta da lafiya.

Sau ɗaya ta karya dokar da gangan. Ranar an kawo injin sussukar dawa bayan gidansu, aka tayar da shi ba zato. Rayan ta toshe kunnuwa ta faɗi ƙasa tana buga kanta da bango. Huda ta riƙe ta ta kasa, har yarinyar ta cije ta a hannu. Hadizatu ba ta san sa'ad da ta jefar da muciya ta rungume ta ba.

"Yi shiru, ƙawata, yi shiru, ga ni nan. Inji ne, ba ya cin mutum. Yanzu za shi mutu, yanzu-yanzun nan. Ga Kaka, ga Kaka."

Ta yi ta maimaitawa, bakinta a kan gashin yarinyar, har jikin ya saki, kukan ya koma ajiyar zuciya. Da ta ɗago, Bilyaminu na tsaye a ƙofar gida da buhu a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ajiye buhun ya yi ya zo ya durƙusa, hawaye na bin ƙurar da ke fuskarsa.

"Inna, don Allah. Wata huɗu muna wahala. Likita ya ce in ana haɗa mata, komai zai koma baya. So nake wata rana ta ce mini Baba, ko da wane harshe ne. Ki taimake ni."

Hadizatu ta dubi autanta, ta ga yadda ya rame. Ta ce, "Na daina. Allah shina gani, ba ka ƙara ji."

Ba a ƙara ji ba kuwa. Shekara biyu cur.

A cikin shekarun nan Huda ta haifi wata 'yar, aka sa mata Sabah. Ita kam tun tana wata goma ta fara gwaranci, amma Hadizatu ko rawar jariri ba ta yi mata da Hausa ba, tunda yayarta na tsakar gidan. Rayan kuwa "uwa" ta tafi, "tahi" ta tafi, "Kaka" ta tafi, kuma babu kalmar Larabci ko ɗaya da ta zo ta maye gurbinsu. In tana son abu sai ta ja hannun mutum ta kai shi wurin, kamar hannun ba na kowa ba ne. An kai ta makarantar yara ta ƙauyen da ke gaba, bayan kwana uku malamar ta dawo da ita da kanta, tana ba da haƙuri, ta ce yara hamsin gare ta, ba ta iya tsare guda ɗaya da ke fita da gudu ta nufi ruwa.

Hadizatu kan tafi gidan ƙawarta Ma'u ta yi hira in abin ya cika mata ciki. Amma ko a can sai ta ga maganar ba ta zuwa kamar da. Ta kan zauna ta sha shayi, ta saurara, ta tashi.

Wata ranar Talata, bayan an yanke alkama, raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gidan. Wata budurwa ta fito da jaka a kafaɗa, ta yi sallama da Larabci, sannan da ta hangi tsohuwa a rumfa ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Kaka? Mun same ku lafiya?"

Hadizatu ta waiga ta ga inda Rayan take kafin ta amsa, da murya ƙasa-ƙasa.

Sunan budurwar Raihana, 'yar Hausawan Maiwurno ce, tana karatun gaba da digiri a Madani. Ta ce bincike take yi a kan yara masu tawahhud da ke tashi a gidajen da ake harshe biyu, tana bi ƙauye-ƙauye, kuma malamar makarantar yara ce ta ba ta sunan Rayan. In sun yarda za ta riƙa zuwa duk Talata, ta kalli yarinyar, ta yi tambayoyi, ta kuma koya musu abin da ta sani. Bilyaminu ya ce sun yarda.

Ta zauna a ƙasa nesa kaɗan da Rayan, ba ta taɓa ta ba, ba ta kira ta ba. Ta fi awa tana kallonta tana rubutu. Sannan ta juyo ga manya da takardar tambayoyi. Yaushe ta fara tafiya, me take ci, me ke firgita ta. Huda na amsawa. Har aka zo kan harshe.

"Wa ke mata Hausa a gidan?"

"Babu," in ji Bilyaminu. "Mun kiyaye sosai. Tun da likita ya hana, ko Inna ba ta yi."

Alƙalamin Raihana ya tsaya. Ta dubi Bilyaminu, ta dubi tsohuwar.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata biyar," in ji Hadizatu. Ita ce maganarta ta farko tun da aka zauna.

Raihana ta rufe littafin a hankali. Da gani tana auna abin da za ta faɗa. Ta ce ba gidansu ne na farko ba, gida na tara ke nan da ta tarar an ba su wannan shawarar. Ta ce da can haka masana da yawa suka ɗauka, kuma masu faɗa ba da mugunta suke faɗa ba. Amma an yi bincike a ƙasashe daban-daban, an gwada yaran da ke jin harshe ɗaya da masu jin biyu, ba a ga harshe na biyu ya ƙara musu jinkiri ba. Abin da yaro irin Rayan ya fi bukata shi ne a yi ta yi masa magana, magana mai yawa mai daɗi, daga bakin wanda ya sake da shi, da harshen da mutumin ya fi iyawa.

Rayan na can tana jera ƙwallayen dabinonta.

Hadizatu ta gyara zama. "Ɗiyata, faɗa mini da Hausa tsantsa, don in tabbata na ji. Maganata ba ta cutar da ita?"

"Ba ta cutar da ita, Kaka."

"Ko da can ba ta cutar da ita ba?"

"Ko da can."

"To kalmominta uku da sunka ɓace. Da na ci gaba da yi mata magana, da suna nan?"

Raihana ta sunkuyar da kai. "Wannan ban sani ba, Kaka, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai yaran da ke rasa kalmominsu ko me aka yi. Akwai waɗanda ke riƙewa. Ba wanda zai iya ce miki ga yadda da za ta kasance."

Hadizatu ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ce bari ta duba awaki, ta zaga bayan ɗaki, ta tsaya a gaban turke ta daɗe, hannunta a kan danga. Huda ce ta fashe da kuka a tsakar gida. Bilyaminu ya tashi ya fita daga gidan.

Da safe Hadizatu ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta ɗebo gyaɗa, ta zauna inda ta saba. Rayan na gaban tulu, ta ba ta baya. Yanzu shekararta biyar, ƙafafunta sun yi tsawo. Tsohuwar ta buɗe baki, sai ta ji kunya ta kama ta kamar mai magana gaban baƙo. Ta yi gyaran murya.

"Ƙawata. Kin tuna akuyar Ma'u? Ta mutu bara, ɗiyarta ce yanzu ke ɓarna."

Yarinyar ba ta motsa ba. Hadizatu ta ci gaba, ta ɗan ɗaga murya, labarin ya fara warwarewa, har ta ji daɗin bakinta ya soma dawowa. Sai Rayan ta ɗaga hannuwa biyu ta toshe kunnuwanta. Ta tashi a haka ta shige ɗakin uwarta.

Ta gwada washegari, da jibi. Wani lokacin yarinyar ta toshe kunne, wani lokacin ta yi kamar ba a yi ba. Da Raihana ta dawo ta ce kada ta karaya, yara irinta ba sa son sauyi, ta saba da gidan shiru, yanzu sai an bi ta sannu. Ta ce ta riƙa yi kaɗan-kaɗan, kalma biyu uku, a kan abin da yarinyar ke kallo a lokacin. Hadizatu ta ce to. Ta koyi cewa "ruwa na ɗiga" ta yi shiru, "dabino ya yi layi" ta yi shiru. Mai magana kamar ruwan sama ta koma tana auna ta da cokali.

Kwana shida Bilyaminu na kauce wa uwarsa. Ya fita tun asuba, ya dawo ya ci abinci a zaure. A na bakwai ta yafa mayafi ta bi shi hawasha. Ta same shi yana gyaran bakin rafin da ke shigar da ruwa, laka har gwiwa. Da ya gan ta ya tsaya, ya jingina da shebur.

"Inna, me ya fito da ke cikin ranar nan?"

"Na zo in ga ko ka ƙaura ne ba ka yi sallama ba."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai yiwu ba. "Ban san da wane ido zan dube ki ba. Ni na rufe miki baki. Ranar injin nan na gani da idona ta yi shiru a hannunki, amma na..."

"Kai ka yi karatun likita?"

"A'a."

"To abin da anka faɗa maka ka yi. Ni ma abin da ka faɗa mini na yi." Ta dubi ruwan da ke malala cikin kunya-kunyan gonar. "Amma ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba, Auta. Ya yi. Har yanzu shina yi. Na san ɗiyar nan tana jina, jikina ya ba ni, amma na ce mi tsohuwa ta sani. Wannan shi ne nawa laifin. Kai ɗauki naka, in ɗauki nawa, mu koma gida. Huda ita kaɗai ba ta iyawa."

Ya wanke ƙafafunsa a rafin, suka taho tare.

Raihana ta yi wata biyar tana zuwa. Ta ɗauki hoton kofin Rayan, da tulun, da faifan kisra, wainar dawar da take ci, da ƙofar gida, ta wanko su ta manna a kwali. Ta koya musu yadda za a riƙe abin da yarinyar ke so, a jira, a kama hannunta a sa ta miƙa hoton, sannan a faɗi sunan abin a ba ta nan take. Huda na faɗa da Larabci, Hadizatu da Hausa. Sati uku ana kama hannun. A na huɗu, wata safiya, Rayan ta je da kanta ta zaro hoton kofi ta kawo wa uwarta. Huda ta zuba shayin da sauri, rabi a kofi rabi a ƙasa. Kafin damina ta tsaya yarinyar na amfani da hotuna goma sha ɗaya, ihun ya ragu, ta daina cizo. Magana dai ba ta zo ba. Hadizatu ta yi murna da gaske, ta dafa wake da shinkafa ta raba wa maƙwabta. Sai dai ta lura hotunan kullum wurin Huda ake kai su, ko wurin Bilyaminu. Ita in ta miƙa hannu, yarinyar kan zagaye ta.

Ranar Talatar ƙarshe Raihana ta ce bincikenta ya ƙare, za ta zauna ta rubuta. Ta ce abin da ta iya ta koyar, amma Rayan na bukatar malamai kullum, kuma akwai wata cibiya a Madani da ke karɓar yara irinta da safe. Ta riƙe hannun tsohuwar da hannu biyu.

"Kaka, kin yarda in sa labarinki a cikin abin da zan rubuta? Ba da sunanki ba. Don likitoci su karanta."

"Sa da sunana ma in kina so. Ki ce musu kafin su hana mutum magana su tambaya wa ke gidan."

Bayan an cire gyaɗa Bilyaminu ya ba wani ɗan'uwansu noman hawashar, ya samu aikin gyaran injin ban-ruwa a Madani, ya kama ɗaki biyu kusa da gidan iyayen Huda. Ya roƙi uwarsa ta bi su. Ta ce ɗaki biyu ba ya ɗaukar mutum huɗu da tsohuwa mai tari, kuma wa za ta bar wa awaki da kabarin mijinta? Ranar tafiyar ta naɗe tulun a tsohon bargo ta sa a motar da kanta, ta ce kada a sayi sabo, wannan yarinyar ta sani. Rayan ta shiga mota da kwalin hotunanta a ƙirji, ba ta waiwayo ba.

Wata biyu bayan haka Hadizatu ta shiga motar Madani da ƙullin kuɓewa busasshiya da man shanu. Ta same su lafiya. Rayan ta yi ƙiba kaɗan, an ce a cibiyar ta koyi zama a kujera da wanke hannu, hotunanta sun kai talatin. Da kakar ta zauna kusa da ita ba ta tashi ba, ba ta kuma toshe kunne ba. Hadizatu ta gode wa Allah a kan wannan.

Sabah ce ta cika gidan da surutu. Shekararta biyu da rabi, bakinta ba ya hutawa, tana yi wa 'yar tsanarta faɗa, tana ba kyanwar maƙwabta labari. Huda ta ce, tana dariya, "Inna, wannan ke ta biyo."

Hadizatu ta ji wani sanyi a ranta. Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya.

"Zo nan, 'yar tsohuwa. Wa ya kitsa miki wanga kai mai kyau? Kin san ni kuwa? Ni ce na haifi babanki, shina ƙarami kamar ke, shina gudu ba wando."

Sabah ta zuba mata manyan idanu, tana kallon bakinta har ta gama. Sannan ta juya ga uwarta ta yi tambaya da Larabci, da 'yar muryarta mai zaƙi: me Habboba ke cewa?

Dariyar Huda ta tsaya. Ta dubi mijinta. Babu wanda ya hana Hausa a gidan yanzu, amma shekara biyu sun isa baki ya saba, kuma tun da suka zo Madani ba wanda ya tuna ya koma.

Huda ta durƙusa ta fassara wa yarinyar, har da gudun ba wando. Sabah ta ƙyalƙyale da dariya, ta sauka ta ruga ta gaya wa babanta. Hadizatu ta yi murmushi don kada a ga komai a fuskarta. Ta kwance ƙullin kuɓewar ta miƙa wa Huda, ta ce a sa a inuwa kada ta yi ja. Kwana biyu ta yi niyyar yi, amma a ranar, da aka yi azahar, ta ce a raka ta tasha, ta bar akuya na gab da haihuwa. Bilyaminu ya raka ta har cikin motar, ya gyara mata wurin zama kusa da taga, ya tsaya a waje har direba ya tayar.